Gwaibar Tsakar Gida

Tun daga bakin ƙofa Auta ta ja ta tsaya. Gwaibar tsakar gidansu ta koma kamar kazar da aka fige. Rassan ƙasa babu ganye ko na rantsuwa, na sama ma an bi su da sanda.

"Inna, awaki ne suka shigo?"

Inna tana wanke-wanke a gindin famfo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Awaki masu ƙafa biyu. Tambayi ubanki, shi ne babbansu."

Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, bincikenta kuma a kan ganyen gwaiba ne. Takan shanya shi a inuwa, ta niƙa, ta jiƙa a sinadari, ta tace, sannan ta ɗiga a wani ruwa mai launin shunayya. In ruwan ya koɗe ya koma rawaya, alama ce ganyen na da abin da ke tare dafin da ke cin ƙwayoyin jiki. Nata ya koɗe tas. A zuwanta na baya, don murna, ta nuna wa Baba hoton a waya. Da yake tsohon direban babbar mota ne, sai ta ce masa kamar yadda fenti ke hana ƙarfe tsatsa ne. Baba ya daɗe yana kallon hoton, yana gyaɗa kai. Ita kuwa ta koma makaranta ta manta da zancen.

"Safe da yamma yake dafawa," in ji Inna. "Ya ƙone mini tukunya ɗaya."

"To, ƙwayoyinsa na hawan jini fa?"

Inna ta nuna saman firiji da haɓa. Auta ta miƙa hannu ta sauko da kwalin. Ƙura ta kwanta a kai, ƙwayoyin na jere a ledarsu, ba a ɓalli ko ɗaya ba.

"Na yi magana har na gaji. Kansa na sarawa, ya ce tsatsa ce ke fita."

Auta ta ajiye jaka, ta sake ɗauka. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta kira wayarsa, wayar ta yi ƙara a aljihun rigar da ke rataye bayan ƙofa. Ta zauna a bakin gado, gadon ya ƙi zaunuwa. Sai ta zura takalmi ta nufi shagon mai aski, inda Baba ke hira.

Kafin ta yi sallama shagon ya ɗauka. "Ga Likitar da kanta!"

"Ba likita ba ce ni, Kawu. Baba na nan?"

"Yanzu ya tashi, wai wuyansa ya riƙe," in ji mai aski, almakashi na rawa a hannunsa. "Maganin nan naki akwai ɗaci, amma akwai aiki. Ni ma ina sha. Tela ma ya kai wa tsohuwarsa."

"Tsohuwar tana shan maganin asibiti?"

"Na suga. Ai ubanki ya ce ba a haɗa direba biyu a mota ɗaya."

Auta ta roƙi mai aski ya aika wa tela cewa tsohuwa ta koma kan maganinta yau ɗin nan, ta juya da sauri har ɗankwalinta na zamewa.

Ta iske Baba a kujerarsa a inuwar abin da ya rage na gwaibar, idanunsa jajur, yana murza ƙeya. Da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Autata. Kin ga yadda muka yi wa bishiyarki?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗauko na'urar awon jini, ta ɗaura masa a damtse. Na'urar ta matse, ta saki. Auta ta kalli lambar.

"Baba, ya hau sosai."

"Injin da aka wanke ai sai ya yi hayaƙi kafin ya daidaita."

"Abin da na nuna maka a kwalba ne. Ko ɓera ban gwada wa ba tukuna."

"To, ga ni. Na fi ɓera girma."

Inna ta yi tsaki daga bakin famfo. "Da taurin kai ma."

Auta ta yi bayani, ta sake yi. Kwalba ba ta da hanta, ba ta da ƙoda. Ganyen na iya zama da amfani, amma babu wanda ya san nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa, kuma ba ta taɓa cewa yana sauke jini ba. Baba yana ji yana murmushi irin na wanda ake wa kara.

"Kunya ce irin ta uwarki. Ni na ga ruwan ya canja da idona. Duk layin nan na gaya musu 'yata ta gano magani."

Nan ta gane inda gizo ke saƙa. Ba don jikinsa yake sha ba. Ta miƙe ta kai bakin ƙofa, ta dawo, ta sake durƙusawa.

"Baba, in ka faɗi gobe, me layin nan za su ce?"

Baba ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ba za su ce jini ne ba. Za su ce maganin Auta ya kashe ubanta. Ni ma haka zan ce. Ba zan ƙara iya taɓa kwalbar nan ba har abada."

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya ɗaga kai ya dubi rassan da ya fige, ya dubi 'yarsa, ya murza ƙeya.

"Wato sunanki zan ɓata."

"Kai nake so in ga zaune ranar da zan gama."

Inna ta rufe famfo don ta ji. Sannan Baba ya miƙa tafin hannu, bai kalli kowa ba. Auta ta ɓalli ƙwaya ɗaya ta sa masa, Inna ta kawo ruwa a kofi.

Da ya haɗiye sai ya ce, "Ɗauko mini hula."

"Asibiti za mu, Baba."

"Za mu. Amma mu bi ta shagon tela tukuna. Ni na gaya masa, ni zan warware."