Ranar da Baba Ban-Yarda-Ba Ya Gyaɗa Kai

"To, akwai mai ja?" in ji Shugaba, ya ɗaga ido ya dubi layin baya.

Duk muka waiwaya tare da shi. A taron ƙungiyar masu gidaje na rukuninmu, in an yi wannan tambaya mutum ɗaya ake duba, maƙwabcina, tsohon telan da katangarmu ɗaya. Ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Baba Ban-Yarda-Ba muke ce masa, kuma yana amsawa.

Maganar tankin ruwa ake yi. Tankin na rukuni ne gaba ɗaya, yana tsaye kan dogayen ƙafafun ƙarfe a bayan katangar Baba. Biyu daga ƙafafun sun ci tsatsa, har ya ɗan karkata wajen ɗakin kwanansu. Baba ya daɗe yana cewa a sauke shi. Kwamiti kuwa a ranar ya kawo shawarar a kankare tsatsar, a shafa fenti, a rufe maganar.

Baba na zaune a kujerarsa ta roba, sandarsa tsakanin gwiwoyi, idonsa a kan tankin da ake hangowa ta saman rufin gidaje. Bai ce komai ba.

"Baba, da kai nake," in ji Shugaba. "Ka yarda?"

Iska ta tsaya cik a rumfar da muke taron. Daga nesa muka ji ƙafafun tankin sun yi kukan nan da suke yi in injin na cika shi, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa a hankali. Sai kan Baba ya sunkuya ƙasa, sannu sannu, har gemunsa ya taɓa ƙirji.

"Ya gyaɗa kai!" Mai Kemis ya yi tsalle. "Jama'a ku shaida! Yau za a yi ruwa da ƙanƙara!"

Aka kwashe da dariya, har da tafi. Shugaba ya ce magana ta wuce baki ɗaya. A dokar ƙungiyarmu, wanda ya yi shiru ya yarda, kuma abin da aka zartar baki ɗaya ba a sake ɗaga shi sai an zaɓi sabon kwamiti. Zaɓen kuwa an ɗage shi har mun manta yadda ake yinsa.

Aka watse, aka shiga tattara kujeru. Ta Baba kaɗai ta rage.

"Baba, tashi mu tafi, hanyarmu ɗaya," na ce.

Wani ƙuda na yawo a kan leɓensa na ƙasa, bai kore shi ba. Na kama hannunsa da ke kan sandar. Hannun ya yi sanyi, ga shi rana ba ta ko faɗi ba. Na ƙwala wa Nas kira, matar da gidanta ke kan kwanar layinmu, tana aiki a asibiti. Ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta sa yatsu biyu ta rufe masa ido.

Ana cikin kwanakin zaman makoki mai fenti ya zo. Masu zuwa gaisuwa na shiga gidan, shi kuma yana saman tsani a bayan katanga yana shafa shuɗi. Warin fentin ya cika tsakar gida.

Da mutane suka ragu na shiga wajen Mama, matar marigayin. Na tarar an ɗauke katifar da ke falo. Na san katifar, domin tun da tankin ya fara karkata Baba ya hana ta kwana a ɗaki, ya ce falo ya fi nisa da katanga.

"Mama, ina katifar?"

"Na mayar ɗaki, Malam. Bayana ya gaji da ƙasa."

"Amma ai tankin..."

"An ce ya yarda." Ta gyara mayafinta. "Shugaba da bakinsa ya faɗa mini, ya ce Allah ya sa sun rabu lafiya. In shi da ya hana ni ya yarda, ni wa ce da zan ƙi? Kai ma kana wurin. Ba haka aka yi ba?"

Na ga kan ya sunkuya, da idona na gani. Ban san abin da na gani ba.

Muna zaune aka tayar da injin. Ruwa ya fara hawa, ƙarfen ya yi kukansa, dogo, a daidai saman ɗakin da za ta kwana. Wani abu ya faɗo kan kwanon rufin, ƙaramar ƙara, kamar an jefa tsakuwa. Mama ba ta ko ɗaga kai ba.

Na bi mutane ina tambaya, a hankali, kamar yadda nake yi a aji in abu ya ɓace ba na son a tsorata kowa. Na fara da Nas.

"Yaushe ya cika? Kafin tambayar ko bayanta?"

"Malam, ba agogo a jikin mutum," ta ce. Ta goge hannunta da zani ko da yake a bushe yake. "Amma sanyin nan da na ji, ba na wanda ya tafi yanzun nan ba ne."

Mai Kemis ya rantse shi ya gaishe shi da aka fara taro, kuma ya amsa. Da na ce me ya ce, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ka san gyaran muryar nan tasa. Ko dai kujera ce ta yi ƙara?"

Matar Direba ta ce ita ta fara zuwa, ta same shi zaune, ta gaishe shi sau biyu bai kula ta ba, ta ɗauka fushin tanki ne. Maigadi ya ce tun rana na tsaka ya ga mutum a rumfar. Ba wanda ya ga zuwansa. Mun zauna da shi taro guda, mun karanta bayanin shara da na fitilun titi, mun yi masa ba'a, ba wanda zai iya cewa da mai rai muka zauna.

Na sami Shugaba yana wanke motarsa. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne mai son a ce an gama.

"Malam, abin da ka gani shi na gani," ya ce, bai dube ni ba. "In na buɗe wannan, gobe kowa zai zo ya ce shi ma ba da gaske ya yi shiru ba. Ina ƙungiya kuma?"

Yana ta goge gilashi guda, wanda ya riga ya bushe.

Na koma wajen Mama. Ban kai mata maganar Nas ba, na ga ba abin da zan ɗora wa mai takaba ba ne.

"Mama, a gida in Baba ya yarda da abu, yaya yake yi?"

"Yarda?" Dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun rasuwar. "Ko shayi na ce a ƙara masa, sai ya yi mini bayanin dalilin da ya sa zai karɓa. Ranar da aka zo neman auren 'yarmu, ya yarda tun da safe, amma sai da baƙi suka yi gyangyaɗi kafin ya kai ga cewa to."

"Da ka fa? Ya taɓa amsa miki da ka?"

Dariyar ta tsaya. Ta juya ta dubi ƙofar ɗakin, ta daɗe tana dubanta.

A taro na gaba rumfar ta cika fiye da kullum, amma layin baya ba kowa. Shugaba ya karanta shawarar mayar da kwashe shara zuwa Talata.

"Akwai mai ja?"

Shiru. Na lura kowa ya ƙame wuyansa, ba mai son kansa ya motsa. Mutane na satar kallon na kusa da su, ana duba ƙirji ko yana hawa yana sauka.

"Na ja," in ji Nas.

"Kin ja me? Talatar?"

"Ko ma mene ne. Ina so a san da raina."

Wasu suka yi dariya, gajera, ba daɗi. Mai Kemis ya ce shi ya yarda da Talata, amma da baki ya faɗa, a rubuta da baki. Aka bi layi, kowa na faɗin nasa da ƙarfi.

Sai Mama ta miƙe. Ba ta taɓa zuwa taro ba, ga ta kuma cikin takaba, amma yanzu gidan nata ne.

"Ɗana," ta ce wa Shugaba, "ka ce mini mijina ya yarda. Ka ji muryarsa?"

"Mama, ya gyaɗa..."

"Muryarsa na tambaye ka."

Shugaba ya dubi layin baya, inda ba kowa.

"Ban ji ba," ya ce. "Kullum sai na ga kan nan yana sauka. Ko ina tuƙi." Ya ajiye takardar da ke hannunsa. "Maigadi, je ka kashe injin. A buɗe tankin ya tsiyaye."

Ruwan ya yini yana bin gefen titi. Bayan 'yan kwanaki masu walda suka zo da igiyoyi suka sauke tankin, suka kwantar da shi a fili, ƙafafunsa shuɗaye a miƙe gefe guda. Muka koma ɗiban ruwa a famfon bakin ƙofa kafin a kafa sabo nesa da gidaje, ana layi ana gunaguni.

Da hantsi na leƙa gidan. Rana ta sauka a wani ɓangare na tsakar gida da ban taɓa ganin ta taɓa ba, siminti duk gansakuka. Mama ta fito da keken ɗinkinsa nan, ta cire ƙyallen da ke rufe da shi. Tana zaune a gefe, ta kare ido da tafin hannu, tana duban saman katanga inda babu komai sai sarari.