Gwiwar Mai Raba Wasiƙu

Ranar Asabar ce, wasan ƙarshe na kakar ƙwallo, kuma tun safe ruwa yake zuba a karkace, iskar teku tana turo shi cikin garinmu Portlennie kamar da gayya. Ƙarfe biyu saura, Murdo Cargill, kocin ƙungiyar garin, yana tsaye a ɗakin sauya kaya yana kallon takardar 'yan wasa. Sunaye goma ya rubuta. Gurbin lamba tara babu kowa.

Kowa ya san halin da ake ciki. In an ci ko an yi canjaras, an tsira. In an sha kashi, ƙungiya ta faɗa rukunin ƙasa, inda ake buga ƙwallo gaban mutum tamanin da karnuka biyu.

Mai lamba taran, Innes Birrell, yana kwance a kan tebur, gwiwarsa ta hagu ta kumbura suntum. Ƙwallo goma sha tara ya ci bana. Kamar sauran 'yan wasan, yana da aikinsa na yau da kullum: shi ke raba wasiƙu a unguwannin kan tudu, a ƙafa, kwana shida a mako. Morag mai duba raunin 'yan wasa ta danna gwiwar, ya cije leɓe.

"Jijiyar ta kusa tsinkewa," ta ce. "In ya huta za ta haɗe. In ya murɗe ta yau, shi ke nan."

"Ba ta ciwo, Oga," in ji Innes.

"To me ya sa kake zufa a cikin wannan sanyin, maƙaryacin banza?"

Ƙofa ta buɗe. Lachlan Spink ne, shugaban ƙungiya, mai kamfanin kyafa kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Ko hularsa bai cire ba.

"Murdo, likita yana waje da jakarsa. Allurar kashe zafi ɗaya, minti casa'in, a wuce wurin."

"Ya koma da jakarsa, Shugaba."

"Mutumin da kansa yana son ya buga!"

"Ni ma na so a lokacina," in ji Murdo.

Babu wanda bai san labarin ba. Murdo yana da shekara ashirin da uku aka yi masa irin wannan allura a Glasgow, ranar wasan kusa da na ƙarshe na kofi. Ya buga, ya ci ƙwallo, jarida ta buga hotonsa. Daga ranar bai ƙara gudun kirki ba. Shekara goma ya yi yana gangarowa daga ƙungiya zuwa ƙungiya, kowacce ta fi ta baya ƙanƙanta, har ya dawo gida. Yanzu yana da arba'in da biyu, kuma da baya-baya yake saukowa daga benen gidansa.

Spink ya matso, ya rage murya. "Shekara ɗari da goma ƙungiyar nan ba ta faɗi ba. Kakana ne ya kafa waccan rumfar 'yan kallo. In ka bar shi a benci muka sha kashi, kada ka zo aiki Litinin."

"Ba a benci zan bar shi ba. Ko sunansa ba zan rubuta ba, don kada zuciyata ta ruɗe ni a minti na saba'in."

Innes ya miƙe zaune, idonsa jawur. "Gwiwar taka ce ko tawa? Akwai mai neman 'yan wasa daga Dundee da ya zo kallona yau. Ka sani sarai!"

"Na sani. Gwiwar taka ce, takardar tawa ce."

Murdo ya sa wani mai tsaron baya a gaba. A layin 'yan canji kuma, da yake babu sauran mai lafiya, ya rubuta sunan da har yanzu yake cikin rajista don irin wannan rana: M. Cargill.

Mutum dubu da ɗari biyu suka shigo, sun rungume kofunan romo mai zafi. Da aka karanta sunaye a lasifika ba a ji na Innes ba, rumfar ta ɗauki ihu.

"Cargill! Ka haukace ne?"

"Ina ɗan gidan waya? Ko shi ma ya ɓata a hanya kamar wasiƙuna?"

An tafi hutun rabin lokaci babu ci. Minti goma da dawowa, 'yan wasan baƙi suka zura ɗaya daga bugun kusurwa. A minti na saba'in da biyar wanda aka sa a gaba ya zauna a taɓo yana riƙe da cinya. Murdo ya cire rigar ruwansa.

"Kai, Murdo," Morag ta ce, "ba ni da gwiwar da zan ara maka."

"Riƙe min haƙorana," ya ce, ya miƙa mata na roban.

'Yan kallo suka fashe da dariya, har da na garinmu. "Kaka ya shigo! A kawo masa sanda!" Wani dogon mai tsaron baya na baƙin ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, ka sha maganinka kuwa?"

"Lokacin da nake cin ƙwallo a Glasgow, ana goge maka majina," in ji Murdo, ya taka masa ƙafa.

Gudu ba ya iyawa, amma ya san inda ƙwallo za ta sauka. Saura minti biyu ta sauko daidai gabansa, taku shida daga raga, gola ya riga ya faɗi. Ya kafa ƙafar hagu zai buga da dama. Gwiwar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Ƙwallo ta gangara a hankali ta wuce gefen ƙarfe, shi kuma ya kifa da fuska cikin taɓo.

Ya tashi da kansa. Da alƙalin wasa ya hura tashi, bai bi ta ƙofar gefe ba. Ya ɗingisa ta gaban rumfar tun daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ana zaginsa, kofunan takarda suna sauka a kafaɗarsa, yana kallon mutane ido cikin ido.

Spink yana jiransa a lungun shiga ɗaki. "Da Innes ne, da ta shiga."

"Da ta shiga," in ji Murdo.

"Ko haƙuri ba za ka ba ni ba?"

"A'a, Shugaba. Matsa, zan yi wanka."

Innes ya riga ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba.

Sai bayan mako biyar hukumar ƙungiya ta zauna ta rubuta takardar sallamar Murdo. Da safe Murdo ya hango mai raba wasiƙu daga taga yana hawowa tudun, jaka a kafaɗa, yana tsallake matakalar titi biyu-biyu. Kafin Murdo ya gama saukowa daga bene da baya-baya, an ƙwanƙwasa sau uku.

"Sai ka sa hannu," Innes ya ce, ya miƙa masa takardar hukumar, bai kalle shi ba.

Murdo ya sa hannu. "Yaya ƙafar?"

"Tana tafiya." Ya karɓi alƙalaminsa. "Har yanzu ban yafe maka ba, Oga."

"Ban roƙa ba. Wuce, mutane suna jiran wasiƙunsu."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa har ya sha kwana.

Abin da aka rasa ke nan: wasa ɗaya, ci ɗaya da nema, maki uku, shekara ɗari da goma a rukuni, aikin koci ɗaya, mutumin Dundee, wanda bai sake dawowa ba, da gaisuwar rabin gari. Gwiwa kuwa ɗaya ce, ta Murdo, kuma an daɗe da rasa ta.