Irin Gero Cikin Toka

Malam Atiku ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Ƙauran Namoda. Kowace shekara sai ya zana hamadar Sahara a allo, ya cika ta da ɗige-ɗigen alli, amma bai taɓa ganinta da idonsa ba. Matarsa Gimbiya takan ce shi kaɗai ta sani da ke cin albashi a kan wurin da bai taɓa takawa ba. Yau shekara uku da rasuwarta, kuma har ta koma ga Allah ba ta janye maganar ba.

Ta bar masa ƙulli ɗaya a cikin yankin tsohon zanenta: irin gero, kamar rabin tiya, cakuɗe da toka don kada ƙwari su taɓa shi. Irin gidansu ne na Zurmi, daga kakarta ya fito, gajere mai saurin nuna. Gonar da take shuka shi tana kan hanyar Zurmi, inda yanzu 'yan bindiga ke yanke wa mutum ranar zuwa gona da ranar da ba zai dawo ba. Damina uku ba a sa fartanya a cikinta ba. A gida kuma babu wurin shuka, don shi da kansa, da ya yi ritaya, ya malale tsakar gidan da siminti. Gimbiya ta hana, ya ce mata ci gaba ne.

Ya nemi mai shuka masa. Masu gonakin bakin gari duk sun koma irin kanti, wanda ya yarda kuma ya ce sai dai ya gauraya da nasa. Malam Atiku ya naɗe ƙullinsa ya dawo. Kowace bazara yakan ƙirga ƙwaya goma ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma. Shekarar farko tara suka tsiro. Ta biyu bakwai. Bana huɗu. Ba ya buƙatar kowa ya yi masa lissafin baɗi.

Hamida, autarsu, wadda ke aikin jinya a Shinkafi, ita ta zo da zancen tafiya.

"Baba, na yi magana da wani mai kai baƙi yawon buɗe ido a Agadas. Kwana uku, mu biyu kawai da shi. Za ka ga hamadarka."

"Rairayi ne. Akwai shi a bakin gulbi."

"Na riga na biya."

"Wanga kuwa halin uwarki ne," in ji shi. Ya tashi ya ɗauko jaka. Ya sa kaya kala biyu da buta da littafi, sannan ya tura ƙullin a ƙasan jakar, don bai yarda da ɓerayen gidansa ba, kuma bai taɓa kwana nesa da shi ba.

Suka tsallaka Maraɗi, daga can motar haya ta kai su Agadas bayan ta gama jijjiga musu duk ƙashin da Allah ya halitta. Mai yi musu jagora, Mahmuda, Ba'abzine ne dogo mai rawani shuɗi, da Hausa a bakinsa kamar a ƙasar Hausa aka yanke masa cibiya, sai dai motarsa kat-kat yake ce mata, jarka kuma bido. Ranar farko ya kai su tsohon masallaci mai doguwar hasumiyar ƙasa, ya bi da su unguwar maƙeran azurfa, da la'asar ya fita da su bayan gari ya tsaya a gaban tuddan rairayi.

"Baba Malam, ga ta nan. Yaya ka gani?"

Malam Atiku ya daɗe yana kallo. Ya san sunan kowane irin tudu da Turanci, ya sha cire wa yara maki a kansu. Abin da littafi bai faɗa masa ba shi ne shirun wurin. Amma bakinsa bai saba da yabo ba.

"Fili har iyakar gani, babu mai tare ka da bindiga, kuma ko ƙwaya ɗaya ba za ta fito ba. Mu can ga ƙasa ga ruwa, babu hanya. An raba abin yadda kowa zai ji a jikinsa."

Mahmuda ya yi dariya ya dubi Hamida. "Hajiya, kullum haka yake?"

"Yau ma da sauƙi," ta ce.

Kashegari suka nufi duwatsun Abzin. Tun safe suke hawa da gangara cikin baƙaƙen duwatsu, sai wajen azahar kwari ya buɗe, ga dabino, ga kore shar kamar an zuba. Mahmuda ya ce nan ne garkar yayarsa Salma, a nan za su ci abinci su huta. Malam Atiku ya sauka yana dafe da ƙugu, ya ce a miƙo masa buta daga jaka, ya tafi bakin rijiya. Ya yi alwala, ya yi salla a inuwar dabino, ya tsaya kallon yadda ruwa ke bin ƙananan hanyoyi yana shiga fangali bayan fangali, albasa nan, alkama can. Daga cikin gida yana jin ana daka, luguden mata biyu, bai kawo komai a ransa ba.

Da ya dawo ya buɗe jaka zai mayar da buta, sai ya ga ƙasan jakar wayam.

"Mahmuda. Akwai wani ƙulli a nan."

"Hatsin? Ai na kai ciki tun ɗazu," in ji Mahmuda da fara'arsa. "Ku mutanen kudu ba ku zuwa hannu sake, na sani. Duk baƙon da ya zo mana da gero, a ranar ake dama masa ya sha. Yau za ka sha fura da cuku da dabino, irin wadda ba ku da ita a Nijeriya."

Hamida ta miƙe zumbur. "Inna lillahi! Baba, bari in..."

"Zauna," ya ce.

Dakan ya riga ya tsaya. Ya san abin da tsayawar taɓarya ke nufi, ya zauna da mace mai daka shekara talatin da takwas. In Hamida ta ruga ciki yanzu, ba abin da za ta tarar sai gari, kuma za ta bar mutanen da suka karɓe su da kunyar da ba su san sun jawo ba. Ya zauna a kan tabarma ya ɗora hannuwa a gwiwa. Damina uku yana gadin abin nan daga ɓera da ƙwaro da masu son gaurayawa, ya ɗauko shi ya ƙetare iyakar ƙasa da shi, ya kawo shi da kansa har bakin turmi.

Mahmuda ya lura fuskoki sun canza. "Lafiya dai? Ko na yi wani abu?"

"Ba ka yi komai ba. Karamci ka yi."

Aka kawo furar a babbar ƙwarya, da ludayi. Hamida ta kau da kai, hawaye na zuba. Malam Atiku ya yi bisimilla ya ɗiba. In dai wannan ne ƙarshen geron Gimbiya, ba zai bari ya tafi a cikin wani shi yana kallo ba. Ya sha ludayi uku. Abin haushin, furar ta yi daɗi.

Sai ga wata mace ta fito daga cikin gida, gajera kakkaura, mayafinta baƙi, tana tafe tana faɗa tun daga nesa. A hannunta akwai yankin zane mai ruwan goro da Malam Atiku zai gane ko cikin dubu.

"Kai Mahmuda! Zaman mota ya cinye maka hankali? Wannan ka kawo mini in daka?"

"Yaya, hatsin baƙo ne..."

"Hatsin baƙo! Ka buɗe ka gani? Wa ke zuba wa abin da zai ci toka? Iri ne, sakarai. A gidanmu aka haife ka ko a gareji?" Ta juyo ta rusuna. "Sannu da zuwa, Malam. Ka yi haƙuri da shi, tun yana yaro bai san bambancin shuka da ciyawa ba. Furar da gerona na yi. Ga naka, ko ƙwaya ban taɓa ba."

Malam Atiku ya karɓa da hannu biyu. Hamida ce ta yi bayani: na mahaifiyarta ne, ga yadda gonar ta zama, ga abin da tsumma ya nuna bana.

Salma ta zauna a gefen tabarma, ta kwance ƙullin, ta ɗebi kaɗan ta hure tokar, ta sa ƙwaya ɗaya a haƙori.

"Ya tsufa, amma da ransa. Wadda ta adana shi ta san aikinta, Allah ya jiƙanta. Huɗu cikin goma ka ce? To ai sai a zuba da yawa a rami." Ta nuna bayan rijiya da haɓa. "Jibi za mu cire albasar can. Fangali shida za su zauna ba komai har kaka."

"Yaushe ruwan sama ke sauka a nan?" ya tambaya.

Ita da ƙanenta suka kwashe da dariya tare.

"Malam, da sama muke jira da ba ka tarar da kowa a nan ba. Ruwanmu a ƙasa yake."

Ya san wannan. Ya koyar da shi, babi na bakwai, zango na biyu. Ya dubi ƙullin a cinyarsa. Bai san matar nan ba sai yau, gobe zai tafi, mai yiwuwa ba zai sake ganin kwarin ba. In ya raba biyu ya riƙe rabi, rabin zai mutu a jakarsa, ya san haka sarai.

"Ba za a gauraya shi da wani ba?"

"A garkata? Ka tambayi Mahmuda abin da ke faruwa da mai taɓa mini shuka."

"Kada ka tambaya, Baba Malam," in ji Mahmuda.

Malam Atiku ya nemi ƙwarya, ya juye irin duka har tokar, ya kakkaɓe zanen ya ninke ya sa a aljihu.

"Na gode," ya ce. Ya ji kalmar ta yi kaɗan, ya sake cewa, "Na gode, 'yar'uwa. Allah ya saka."

Rana ta uku Mahmuda ya kai su wani dutse mai zanen dabbobi na mutanen da. Malam Atiku ya yi musu bayani na kusan awa ɗaya ba wanda ya roƙe shi, Hamida kuma ba ta katse shi ba ko sau ɗaya. A hanyar dawowa, bayan sun wuce Maraɗi, ya ce mata tafiyar ba laifi. Ta ce za ta rubuta ranar.

Bayan wata huɗu wani direban Shinkafi ya yi sallama a ƙofar gidansa da buhu, ya ce saƙo ne ya biyo hannu uku daga Agadas. A ciki akwai zangarniyar gero gajeru, cike, an ɗaure su dami-dami da kaba, da ɗan ƙullin toka daban, ko da tasa ta ƙare. Malam Atiku ya murje ɗaya a tafin hannu, ya ƙirga goma, ya jiƙa tsumma. Kwana uku bayan haka ya buɗe ya ƙirga sau biyu, sannan ya kira Hamida a waya.

"Goma," ya ce.

"Alhamdu lillahi! Baba, to yanzu ina za ka shuka?"

"Ki tambayar mini wa ke da diga a dangin mijinki. Simintin ga na tsakar gida, uwarki ta ce kada a yi."