Muryar Magaji

Likita ya riƙe harshen Magaji da auduga, ya zura ɗan madubi can cikin maƙogwaronsa. Furera na tsaye a bayan mijinta tana murza bakin mayafi. Ta ga likitan ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe muryar ta dushe?"

"Tun lokacin zaɓe," in ji Furera, don Magaji ba ya iya magana sai da raɗa. "Ɗan kamasho ne, shi ke kiran fasinja a Gyaɗi-Gyaɗi. Da za a koma mulkin farar hula kuma ya yi ta bin 'yan kamfe yana kirari. Muka ɗauka ihu ne. Har wanzami ya cire masa belu."

"Wata bakwai ke nan," likitan ya ce a hankali.

Aka yanki 'yar tsoka aka kai gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya fito: ciwon daji ne, amma bai bazu ba. Idan aka cire maƙogwaron zai rayu, sai dai muryar ta tafi ke nan, kuma ta wata 'yar kafa a wuya zai riƙa numfashi. Magaji ya dubi Furera, sannan ya dangwala yatsa a takarda. Aka ba shi gado, aka sa aiki ranar Laraba.

* * *

Ranar Litinin da la'asar yayansa, Alhaji Audu, ya iso daga Daurawa tare da mahaifiyarsu.

"Wa ya taɓa jin an sa wa daji wuƙa?" Alhaji ya ce. "Ana taɓa shi da ƙarfe ya fantsama jiki. Akwai mai magani a garinmu, ya warkar da mutane ba iyaka. Tattara kayansa."

"Yaya, likita ya ce in aka ƙara jinkiri..."

"Ke kika haife shi?" Inna ta katse Furera tana hawaye. "A huda min wuyan ɗa ina raye?"

Magaji ya motsa leɓe. Furera ta sunkuya, ta kara kunnenta a bakinsa.

"Ya ce a bar shi. Ya ce zai zauna."

"Ni ban ji ya faɗa ba," in ji Alhaji.

Nas Saratu, mai kula da ɗakin, ta yi ta roƙo har ta gaji. Daga ƙarshe ta kawo takardar sallama, Alhaji ya sa hannu.

* * *

Mako shida ana aiko da jiƙe-jiƙe da hayaƙi gidansu na Tarauni. Magaji ya rame, numfashinsa ya koma kamar ana busa usur. Furera takan zauna tana sauraro, duk sa'ad da ƙarar ta ɗan tsaya sai ta zabura.

Wata safiya ta ce za ta kasuwa, ta hau acaɓa zuwa asibiti da katinsa a ƙugunta.

"Ki kawo shi yau," Saratu ta ce. "Yau ɗin nan, kada ki bari ya kwana."

Da ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe. Maƙwabciyarta Jummai ta leƙo ta katanga.

"Alhaji ya zo da mota, sun tafi da shi ƙauye. Sun ce ki zauna da yara."

Furera ta shiga ɗaki. An naɗe tabarmar. A gefen bango ga kwanon kunun da ta tace sau biyu don ya wuce masa, ya huce, ludayin na ciki.