Makirfo a Ƙarƙashin Mayafin Yaya Rabi

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo a Ƙofar Wambai, amma ban taɓa shan wuyar wani aiki kamar na ɗan makirfon nan ba. Kuma ba wanda ya sa ni, ni na ɗora wa kaina.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Ko'ina ka juya kaset ne ke tashi, kowane ɗan takara da mawaƙinsa, wanda ya ci da wanda ya sha ƙasa. Mutanen da ko tafi ba su iya ba, duk muryarsu tana cikin kaset. Amma Inna, mahaifiyata, wadda duk unguwar Sheshe ake kira 'Yardada mai amada, wadda ta shekara arba'in tana waƙa a gidajen biki da kiɗan ƙwarya, ba ta da ko minti ɗaya a naɗe. Ba don ba a nema ba, ita ce ta ƙi. Da ta hango rikoda a wurin biki sai ta ɗora tafin hannu a kan ƙwarya ta yi shiru, har sai an fitar da rikodar.

"Waƙata ta wanda ya zo ce," in ji ta. "Wanda bai zo ba ya sha labari."

To, da damina ta kama sai tari ya sa ta gaba. Wata rana na shiga gaishe ta, ta ce bikin 'yar Hajiya Zaituna shi ne na ƙarshe, daga shi ta ajiye. Na ce, "Inna, ko sau ɗaya dai ki bari in ɗauka." Ta dube ni ta ce, "Salihu, har da kai?" Ban sake tayar da maganar ba. In ta yi shiru, shi ke nan, ba inda zan sake jin muryar nan. Na ce a raina sai dai in sata, Allah ya yafe mini.

Matsalar farko, namiji ba ya shiga inda mata ke amada. Matata Hasana kuwa, magana ba ta kwana a cikinta. Saura mutum ɗaya, yayata, Yaya Rabi, malamar firamare a Ƙofar Na'isa. Ita ce 'yar fari, don haka Inna tana mata alkunya, ba ta taɓa kama sunanta ba. Sai dai ta ce "waccan", ko "ita malamar taku". Ita kuma Yaya Rabi tun tana yarinya 'yan ajinsu suka tsokane ta da 'yar mai ƙwarya, ta daina zuwa duk inda Inna ke waƙa. Na ce yauwa, ga wadda nake nema: mace ce da za ta zauna kamar turmi, ba ta rawa, ba ta amshi.

"Kai dai ba ka da aikin yi," ta ce. Amma ta yarda.

Sati uku na yi ina zaɓen makirfo. Na farko na ciro shi daga wata matacciyar rikoda, yana da ƙarfi, amma girmansa ya kai goro, kuma in ka sa shi ƙarƙashin zane sai ya yi tudu. Na biyu na kan tarho ne, ƙarami, sai dai duk wanda ya yi magana a cikinsa kamar daga rijiya yake. Na uku na samo shi a Sabon Gari bayan na sha yawo har takalmina ya tsinke, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, da ɗan maƙali a bayansa. Na tsaya a ƙofar shago na ɗauki mai rake yana ciniki a tsallaken titi, na ji shi raɗau. Na ce wannan ne.

Sai kuma waya, wadda ita ce ta kusa haukata ni. Mai kauri ba ta kawo ƙugi, amma tana fitowa a jikin riga kamar jijiya. Siririya tana ɓuya, amma ana lanƙwasa ta sau biyu sai ta tsinke daga wuya. Doguwa tana kwaso ƙara, gajera ba ta kaiwa jakar da zan ɓoye rikoda a ciki. Na yanka, na liƙa da dalma, na ƙone yatsa, a ɗauke wuta in zauna ina kallon ƙarfen liƙin yana hucewa. Daga ƙarshe na samu wata mai laushi, kamu huɗu, na naɗe wuyanta da zare don kada ta karye. 'Yar jan fitilar rikodar na rufe ta da baƙin salatif.

Har kaya sai da na zaɓar mata. Ta zo da wata shadda da ta sha bugu, na gwada, ba abin da ke fita sai ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Na ce ta sa tsohuwar atamfa da ta sha wanki. Na maƙala makirfon a bakin rigar, nan ƙasan maƙogwaro, mayafi ya rufe shi, wayar ta bi ta hannun riga ta shiga jaka.

"Yaya, abu uku ne. Ki zauna gaba-gaba. Kada ki kusanci mai guɗa. Kuma don girman Allah kada ki yi magana, ko gaishe ki aka yi ki ɗaga hannu kawai. Abin nan ko haɗiyar yawu kika yi sai ya ɗauka."

"Ni ka ga na yi kama da mai surutu a gidan biki?"

Ranar bikin, bayan la'asar, na zauna a dakalin ƙofar gidan Hajiya Zaituna tare da dattawa. Ina jiyo dukan ƙwarya ta kan katanga, muryar Inna kuwa sai iska ta ga dama take kawo ta. Wani tsoho yana ta ba ni labarin yadda farar hula za su gyara ƙasa, ni kuwa lissafin batir nake. Dab da magariba Yaya Rabi ta fito idonta ja, ta cusa mini jakar, ta wuce.

Washegari da safe na rufe ƙofar shago rabi, na sa kaset. Minti goman farko, wallahi sai da na yi hamdala. Ga ƙwarya, ga Inna can nesa kaɗan amma ana ji. Sai ta ɗauko wata tsohuwar waƙa da take mana muna yara in tana tankaɗe. Na ji numfashi ya cika lasifika. Na ji wani ɗan gunaguni. Kafin in ankara sai ga murya ta fashe, ƙato-ƙato, ta danne komai. Yaya Rabi ce take amshi!

Haba! Matar da ta shekara talatin ba ta buɗe baki ba, sai ranar da na liƙa mata makirfo a maƙogwaro? Na tura gaba, ita ce. Na juya kaset ɗin, ita ce dai, ashe har juya shi ta yi a wurin bikin, aikin banza. Duk inda Inna ta ja baiti, sai ka ji shi siriri kamar daga maƙwabta, ga sheshsheƙar Yaya a kai, sannan amshi ya sauko kamar an kifar da kwano. Sati uku na zaɓi makirfon da ya fi kowanne ji, ya kuwa ji wadda ta fi kusa da shi.

Da rana ta zo shagon. Ban ko amsa sallamarta da kyau ba.

"Yaya, kin kashe ni. Abu uku na ce miki, uku kacal! Wannan ce ta ƙarshe, kin sani, ba wata. Me zan yi da muryarki? Kullum ina jin ta kina mini faɗa!"

Ba ta rama ba, abin da ba halinta ba. Ta zauna a kan bencin masu jira ta ce, "Tura shi kusa da ƙarshe."

Na tura don in rabu da ita. Ƙwarya tana ta tafiya, sai aka ji ƙarar awarwaro tana matsowa. Ashe Inna ce ta taso daga cikin masu kiɗa, ta ratsa mata, ta sunkuyo daidai kan mayafin. Muryarta ta fito tas, kamar tana tsaye a cikin shagon, har da ɗan kakin tarin:

"Ɗaga murya, Rabi'atu. Ai kin iya."

Shi ke nan, ta koma wurinta.

"Shekarata arba'in da shida," in ji Yaya Rabi. "Ban taɓa jin yadda sunana yake fita a bakinta ba. Mayar da shi baya."

Na mayar. Ta ce in ƙara, na ƙara.

Inna ta rasu kafin azumi, ba ta san an ɗauka ba, ko kuma ta sani ta ƙyale mu, Allah masani. Waƙoƙin da na so in adana sun tafi tare da ita, kuma har gobe in na tuna raina yana ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni ko kalma ɗaya ba ta ce da ni a kaset ɗin nan ba.

Yaya Rabi kuwa duk ranar Alhamis in an tashi daga makaranta sai ta biyo ta shago, wai rikodar gidanta tana cin kaset. Ƙarya take, ni na gyara ta da hannuna. Ta zauna a bencin, in kashe rediyon da nake gyarawa, in tura mata daidai wurin. Zaren ya sha murza a nan har ya fara shaƙewa, sau huɗu ke nan ina kwafe shi a sabon kaset. Na gaji, wallahi na gaji. Amma in ta ce in mayar baya, sai in mayar.