Na'ura Ashirin, Lamba Ɗaya

Ƙanena, wanda duk gidanmu ke kira Injiniya, ni na koya masa riƙe ƙarfen dalma na liƙe wayoyin lantarki. Shi ne kuma ya je wurin mai gonar kajin da nake wa aiki ya ce aikina ba ya ƙarko, a ba shi kwangilar sabon ɗakin ƙyanƙyasa. Aka ba shi.

Aikin ba wani tsafi ba ne. Kowane injin ƙyanƙyasa yana da 'yar na'ura mai auna zafi, dukansu a jere kan waya ɗaya, sai babbar na'ura a ofis tana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Kowacce da lambarta. In an kira uku, uku kaɗai ke magana, sauran su kama bakinsu. Manhajar da ke cikinsu ni na rubuta, kuma ban taɓa ba kowa ba.

Da ya zo kwashe kayansa daga shagona, na lura idonsa na kan wata na'ura da na bari a tebur, mai lamba bakwai. Na san halin kayana. Na tashi na ce zan sayo ruwa, na kuma daɗe da gangan. Da na dawo babu ita.

Ya kwafe abin da ke cikinta kaf, ya zuba wa sababbi ashirin. Ya gwada su ɗaya-ɗaya, kowacce lafiya lau. Abin da gogan bai tsaya ya duba ba, lambar ma a cikin manhajar take.

Ranar da aka jona su, ga tiren ƙwai an shigo da su, wayata ta yi ƙara.

"Yaya, don Allah ki taimake ni. Babbar ta kira ɗaya shiru, biyu shiru. Da ta kira bakwai sai shirme ya cika allo."

"To ai duka sunansu bakwai," na ce. "Mutum ashirin na ihu a waya ɗaya, wa zai ji wani?"

"Yaya za a canza?"

"Mai gona yana kusa?"

"Ga shi nan tsaye."

"Buɗe muryar wayar ya ji. Sai ka gaya masa wa ya rubuta manhajar, da yadda aka yi ta zo hannunka."

Ya yi ta kame-kame. Ban taya shi ba, ina zaune ina jin kukan fanka daga can. Daga ƙarshe ya faɗa, muryarsa ƙasa-ƙasa, har da kalmar sata, don sai da na sa ya maimaita. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Mai gona ya karɓi wayar. "Malama, za ki iya zuwa yanzu? Ƙwai ba sa jira."

"Ina tafe, yallaɓai. Amma kada in tarar da shi a wurin."

Ina ɗaure jakar kayan aiki Mama ta kira. Har ya kai ƙara.

"Haba, ƙaninki ne fa. Kin tozarta shi a gaban mutane."

"Mama, ranar da ya ɓata mini suna ya ƙwace aikina, shi kin kira shi?"

Na kashe wayar na ja ƙofar shago.