Gargaɗin Tau

Akanisi ba ta yarda da kowa a birnin Suva ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Tun a jirgin ruwan da ya ɗauko su daga tsibirin Kadavu ta ɗaure jakarta a ƙugu, da suka sauka kuma ta hana 'yan dako taɓa keken guragun mijinta. Peniasi ƙodarsa ce ta gaza. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, kuma wanda ya tsallake biyu a jere ya yi wasa da ransa. Shi ya sa suka bar gonar yaqona, saiwar da ake jiƙawa a sha a taron al'ada, a hannun ƙanensa suka taho birni neman inda za su kafa ɗaki kusa da asibiti.

Suka sauka a falon 'yar ƙanwarta, mai 'ya'ya biyar da miji mai yawan tsaki. Kullum da safe Akanisi ta fita duba unguwa, da yamma ta dawo da dalilin ƙi. Wata unguwa a kan tudu, matan suka tarbe ta da shayi suna tambayar ciwon maigidan, ta ce kwanakinsa suke ƙirgawa don su gaji kwanon rufi. Wata kuma kowace taga da ƙarfe, ta ce mutanen da suka kulle kansu haka sun san halin maƙwabtansu. Har wani dattijon coci ya yi musu tayin ɗaki a bayan majami'a, ta yi godiya da baki, a hanya ta ce wa Peniasi mai shara na har abada yake nema. Peniasi dai sai ya gyaɗa kai.

A rana ta shida ta isa Waidamu, wata 'yar unguwa ta gidajen kwano a bakin gaɓa, minti goma a bas zuwa asibiti. Ƙasar ta dangin wani tsoho ce, Ratu Solomoni, kuma akwai sauran fili ɗaya a can ƙarshen hanya. Tana tsaye tana nazarin fuskokin masu wucewa, sai wani ƙato da ke ɗaure ƙaguwa a ƙofar gidansa ya ji karin harshenta da ta yi tambayar filin.

"Wannan baƙin taurin kan na Kadavu ne," in ji shi. "Tau, wa ya bar muku ƙofa a buɗe kuka fito?"

Sunansa Sakiusa, mutumin lardin Ra ne. Ra da Kadavu kuwa abokan wasa ne tun kakanni, abin da suke kira tau. Tau yana iya ɗauke maka kaza kana kallo, ko ya aike ka hanyar banza, kuma fushi ba naka ba ne. Akanisi ta ce masa ai sun zo ne su koya wa mutanen Ra wanka. Ya yi dariya har ƙaguwa ta kusa cizonsa, ita ma ta yi, dariyarta ta farko tun da ta taka Suva.

Da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya nuna ƙarshen hanyar da haɓa.

"Tau, kar ki karɓi filin can. In wata ya cika teku yana hawowa har gwiwa. Mai ƙafa biyu ma da ƙyar, balle mai keke."

Ya faɗa ne da sauran dariyar a bakinsa. Akanisi ta dube shi sama da ƙasa. Kawunta ya taɓa sa wani mutumin Ra tafiyar rabin yini zuwa bikin da babu shi, har yau ana ba da labarin. Wannan ƙaton so yake ta koma tudu a yi ta yi da ita, ko kuma surukinsa yake ajiye wa filin. Ta ce masa ya nemi wata ya yi wa, ita ta girmi wannan wasan. Matar da ta tashi a tsibiri, ta san teku kamar tukunyarta, amma ranar idonta yana kan mutane, ba ta kalli ƙasa ba.

Washegari ta turo Peniasi da damin saiwar yaqona ta gonarsu, suka zauna a tabarmar Ratu Solomoni. Roƙon ƙasa aikin namiji ne. Peniasi ya riƙe damin ya daɗe yana kallon waje ta ƙofa, har ta taɓa shi da gwiwar hannu. Sannan ya yi roƙon yadda ake yi. Tsohon ya ɗora hannu a kan damin, ya amsa, aka tafa. Daga nan babu komawa, domin mai da abin da aka roƙa da yaqona cin fuska ne. Ratu Solomoni bai yi zancen ruwa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Suka kafa ɗaki ɗaya a kan ginshiƙai. Wanki huɗu suka je lafiya, Akanisi tana wuce ƙofar Sakiusa tana tambayarsa ina tekun nasa.

Ranar Litinin tekun ya zo, tare da ruwan sama. Ta sauko da keken, tayoyinsa suka nutse a laka tun taku na uku. Ta ƙi kiran kowa. Kafin ruwan ya janye an ba wani majinyaci injin wankin a asibiti. Ranar Laraba ruwan ya fi na Litinin, yana lasar matakalar ɗakin. Ƙafafun Peniasi sun kumbura, numfashinsa yana fita da ƙyar. Tsoro ya kama Akanisi, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Maman Mere," ya ce a hankali, "na ga alamar gishiri a ginshiƙan gidan tsohon tun ranar roƙo."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Da na faɗa, da kin ce gida nake so mu koma in mutu. Kowa kin samo masa laifi. Na gaji, ban so in shiga layin ba."

Ta tattare zaninta ta shiga ruwan, ta nufi gidan Sakiusa, domin shi kaɗai ke da kwalekwale. Ta same shi a bakin ƙofa da kofin shayi. Ta ce masa mijinta yana mutuwa.

Ya kwashe da dariya. "Ramuwa kika zo yi, Tau? Da sassafe haka?"

Ta buɗe baki ta rasa kalmar da ba wasa ba ce a tsakaninsu. Duk rantsuwar da za ta yi, ita ma da dariya za ta karɓe ta daga bakinsa. Sai ta durƙusa a cikin ruwan har ya kai mata ƙirji, ta sunkuyar da kai, ta tafa hannu sau uku kamar mai roƙo a gaban manya.

Sakiusa ya ajiye kofin a kan matakala, ya sauko yana kwance igiyar kwalekwalen.